Yadda ake ɗaukar hoto da rimot ba tare da an taɓa kyamara ba

Idan ka ɗora kyamara a kan sitan mai ƙafa uku bayan magariba, ka saita komai tsaf, sannan ka sa yatsa ka danna maɓalli, akwai yiwuwar da hannunka ka ɓata hoton. A ɗan allon bayan kyamara ba za ka gane ba, zai yi maka kyau. Sai ka koma gida ka buɗe shi a kwamfuta ka zuƙo, ka tarar kowane ƙwan fitila ya yi jela, rubutun allon shago ya zama biyu-biyu. Dannawar da ka yi ce ta girgiza kyamarar, kuma girgizar ba ta gama kwantawa ba shota, wato ɗan labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta buɗe.

Da rana tsaka wannan ba ya damun kowa, domin shota tana buɗewa ta rufe cikin 1/500 na sakan ko ƙasa da haka, motsin hannu bai isa ya bar sawu ba. Damuwar tana farawa idan haske ya ja baya, ko ka ɗaura dogon lens kamar 300mm, ko kana ɗaukar ƙaramin abu daf da daf, kamar zobe ko ɗan kunnen da za a tallata. A nan rimot yake shigowa: kai kana gefe, kyamara tana tsaye, ka danna daga nesa.

Kafin ka sayi komai, buɗe robar gefen kyamara

Nan ne kuɗin mutane suke yawan salwanta. Bakin kebul ɗin rimot ba iri ɗaya ba ne, ko a cikin kamfani ɗaya. Ɗaga murfin robar da ke gefen hagu, inda ramukan USB da HDMI suke, ka nemi ramin da aka zana hoton ɗan rimot a kusa da shi, ka dubi siffarsa da kyau.

Canon baki biyu gare su. Ƙanana da matsakaita irin 600D, 700D, 1300D, 70D, 80D da R6 suna da zagayayyen rami na milimita 2.5, kamar na abin sauraron waya amma ya fi shi siriri, kuma rimot ɗinsu shi ne RS-60E3. Manya irin 5D, 6D, 7D da R5 bakinsu mai allura uku ne, ana kiransa N3, rimot ɗin kuma RS-80N3. A Nikon, D3200, D5300, D7100, D750 da Z6 suna karɓar MC-DC2, mai baki kamar ƙaramar USB, su kuwa D500, D810 da D850 ramin nasu yana gaba, zagayayye mai allura goma da ake murɗawa. Sony na zamani suna amfani da ramin da aka rubuta wa Multi. Akwai kuma waɗanda ba su da ramin sam, kamar Nikon D3400 da D3500. Mai irin waɗannan kada ya wahalar da kansa neman kebul a kasuwa.

Tarko ɗaya: Panasonic ma ramin milimita 2.5 gare su, kebul ɗin Canon zai shiga daram, amma ba zai yi aiki ba, domin haɗin cikinsa daban ne. Shi ya sa ya fi kyau ka tafi shago da kyamarar a jaka, a gwada a gabanka. Idan ta intanet za ka saya, nemi lambar kyamararka a jerin waɗanda aka ce rimot ɗin yana yi wa aiki, kada ka tsaya a kan sunan kamfani kawai.

Mai tsohuwar kyamarar fim kamar Pentax K1000 ko Nikon FM2, ko Fujifilm irin X-T3 da X100, ya dubi tsakiyar maɓallin shota. Zai ga ɗan rami mai zaren kusa. Nan ake murɗa tsohon kebul na ƙarfe, wanda ba ruwansa da lantarki: ka tura kansa da babban yatsa, siririyar wayar da ke ciki ta zunguri maɓallin. Yana da ɗan kusa a gefe ko faifai a wuya na kulle shi. Shi dai kada a ja shi ya miƙe tsam, a bar shi da ɗan lanƙwasa, in ba haka ba motsin hannun zai bi ta cikinsa ya kai ga kyamara.

Wanne za ka saya

A ganina, wanda zai sayi guda ɗaya tak ya sayi mai kebul da ke da taima, wato mai ɗan allo da ake saita lokaci a kai. Na Canon shi ne TC-80N3 mai bakin N3, na Nikon MC-36A mai allura goma, amma na kamfanoni irin JJC da Pixel suna yin aikin a kan kuɗi kaɗan, wasu ma ana sauya musu kebul idan ka sauya kyamara. Dalilina shi ne kebul ba ya yankewa kamar Bluetooth, hasken rana ba ya rikita shi, kuma babban maɓallinsa yana aiki ko batirin taimar ya mutu, tun da waya uku ce kawai a ciki: ta ƙasa, ta fokas da ta shota. Rabin dannawa yana haɗa ta fokas, cikakkiyar dannawa ta haɗa ta shota, daidai da maɓallin kan kyamara. Marasa kebul suna da ranarsu, za mu zo kansu.

Ɗaukar hoton, mataki bayan mataki

Fara da sitan. Rimot ba zai gyara sitan mai rawa ba. Buɗe ƙafafun sosai, ka fara da zare masu kauri kafin sirara, ka bar sandar tsakiya a ƙasa in ba dole ba. A kan rairayi, danna ƙafafun su nitse tukuna. Naɗe igiyar rataya kyamara a jikin sitan, domin idan iska tana kaɗa ta tana dukan ƙafa, aikin banza ka yi.

Na biyu, kashe kyamara, ka cusa kebul har ya shige gaba ɗaya, sannan ka kunna. Bakin N3 da na Nikon ta fuska ɗaya kawai suke shiga, idan ya ƙi kada ka yi masa ƙarfi, juya shi za ka yi. Duba makullin da ke jikin maɓallin rimot, ka tabbata ba a ture yake ba.

Na uku, juya kyamara zuwa M, inda kai kake saita komai da hannu, ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 ko 200, ƙofar lens a f/8 ko kusa da haka, ka bar saurin shota ya zama abin da kake wasa da shi har haske ya zauna.

Na huɗu shi ne fokas, kuma nan na fi so a nutsu. Kunna allon baya, ka zuƙo abin da kake so ya fita tar har ninki goma, ka juya zoben fokas da hannu har gefensa ya yi kaifi. Idan ka fi son kyamara ta nemo da kanta, bari ta nemo, sannan ka ture makunnin jikin lens daga AF, inda kyamara take nemo fokas, zuwa MF, na hannu. In ka bar shi a AF, duk lokacin da ka taɓa rimot kyamara za ta sake farautar fokas, kuma cikin duhu sai ta yi ta kai da komo ta ƙi ɗauka. Daga nan kada ka ƙara taɓa zoben fokas ko na zum. Wasu har ɗan salatif suke liƙa masa.

Na biyar, kashe mai hana girgiza na lens, wanda Canon suke rubuta wa IS, Nikon VR, Sony kuma OSS ko SteadyShot. Domin hannu aka yi shi. A kan sitan, musamman a tsofaffin lens, yakan yi ta neman motsin da babu har ya haifar da nasa. Ka tuna ka mayar da shi idan ka sauke kyamarar.

Na shida ya shafi masu DSLR kaɗai. Akwai madubi a ciki da yake tashi fat kafin shota ta buɗe, kuma wannan bugun yana girgiza kyamara ko da ba ka taɓa ta ba. Ya fi ɓarna tsakanin 1/60 da sakan ɗaya, da dogon lens. A Canon nemi Mirror lockup a menu: dannawar farko ta ɗaga madubi, ka ƙirga sakan biyu ko uku, ta biyu ta ɗauki hoto. Idan ka yi sakan 30 ba ka danna ba, madubin zai sauka da kansa. A manyan Nikon harafin Mup yana kan faifan hagu, a irin D5300 kuwa sai ka kunna Exposure delay mode. Idan hoton na sakan 20 ko 30 ne, ba sai ka damu da madubi ba, girgizar ɗan ƙiftawa ce a cikin dogon lokaci, ba za ta fito ba.

Har yanzu ga masu DSLR: rufe tagar da ake kara ido. Idan fuskarka ba ta wurin, haske yana shiga ta baya ya rikita awon kyamara, a dogon hoto da rana ma yakan bar jan tabo a tsakiya. Ɗan baƙin robar nan da ke maƙale a igiyar Canon, wanda da yawa ba su san amfaninsa ba, aikinsa ke nan. Na Nikon sunansa DK-5. In babu, hula ko baƙin ƙyalle ya wadatar.

Yanzu ja da baya taku ɗaya, kebul yana lilo sakwa-sakwa tsakaninka da kyamara. Jira iska ta lafa ko babbar mota ta wuce, ka danna a hankali. Kada ka yi tafiya kusa da sitan har shota ta rufe, balle a kan gada ko dakalin katako. Da hoton ya fito, zuƙo shi har ƙarshe ka duba kafin ka tashi daga wurin.

Idan sakan 30 bai isa ba

Yawancin kyamarori a sakan 30 suke tsayawa. Abin da ya haura wannan sai Bulb, inda shota take zama a buɗe muddin maɓalli yana danne. A 600D ko D5300, kana M ka ci gaba da murɗa faifan shota har ka wuce 30" ka ga Bulb. A 80D ko 5D Mark III harafin B ne a kan faifan sama. Danna maɓallin rimot, ka tura shi gaba ya kulle, ka sake shi ka dubi agogo. Lokaci ya cika ka dawo da shi baya. Nikon da yawa suna da Time a gaba da Bulb, shi ba ya buƙatar kulli: danna sau ɗaya ya buɗe, ka sake dannawa ya rufe.

Ga inda ake buƙatarsa da rana. Ka ce kana Gurara, inda ruwa yake zubowa daga kan duwatsu a jihar Neja, da damina, kana so ruwan ya fito sumul, ka ɗaura baƙar filtar ND mai rage haske mataki goma. Lissafinta mai sauƙi ne: auna haske kafin ka ɗaura ta, ka ninka lokacin sau 1000. Idan kyamara ta ba ka 1/125, da filta ya zama sakan 8. Idan hadari ya rufe ta ba ka 1/15, ya zama minti ɗaya da 'yan sakanni, ka ga dole sai Bulb. Saita fokas kafin ɗaura filtar, domin bayan ta hau ba abin da za ka gani.

Kada ka firgita idan bayan hoton minti biyu kyamara ta yi shiru na wasu minti biyu tana nuna tana aiki. Long exposure noise reduction ne: tana ɗaukar hoto na biyu da shota a rufe don ta gano ɗigon da zafin sensa, wato farantin cikin kyamara da haske yake sauka a kai, ya haifar ta cire. Ga hoto ɗaya-ɗaya yana da amfani. Ga hotuna a jere dole a kashe shi.

Saita taima

Allon rimot mai taima abu huɗu yake tambaya. Delay shi ne jira kafin a fara. Long shi ne tsawon buɗewar shota, kuma yana aiki ne idan kyamara tana Bulb. Intvl shi ne tazara tsakanin hotuna. N shi ne yawansu, idan ka sa shi a kan layi biyu zai yi ta ɗauka har sai ka tsayar.

Intvl ɗin nan shi ne mai rikita mutane, domin kamfanoni ba su haɗu a kan ma'anarsa ba. A wasu, ana ƙirga shi daga farkon hoto zuwa farkon na gaba. A wasu kuwa daga ƙarshen hoto. Gwada naka a ɗaki tun da rana: sa Long a sakan 5, Intvl a sakan 7, N a 3, ka kasa kunne. Idan shota ta rufe ta sake buɗewa bayan sakan 2, naka daga farko yake ƙirgawa. Idan sai bayan sakan 7, daga ƙarshe. Rubuta amsar ka liƙa a bayan rimot ɗin. Wani abin lura kuma, abin da kyamarori da yawa suke kira sakan 30 a zahiri 32 ne. Idan kyamara ce take riƙe da lokacin ba rimot ba, sa tazarar daga farko zuwa farko a sakan 34 ko 35, in ba haka ba rimot zai danna shota tana buɗe, a tsallake hoto. Kuma kashe Mirror lockup, tun da shi dannawa biyu yake so a kowane hoto, sai ka tashi da rabin abin da ka ƙirga.

Mu ɗauki sawun taurari, hoton nan da suke fitowa kamar zobba a sama. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, kuma zobban suna kewaye tauraron arewa ne. Tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya arewa da kudu: a Kano kusan digiri 12, a Agadas kusan 17. Wato ƙasa-ƙasa yake, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari idan ka miƙe hannunka, don haka nemi wurin da arewa take fili, ba gini ba hasken gari. Kuka guda ko dutse a gaban hoton yana ƙara masa armashi. Zaɓi daren duhu, daga 27 ga watan Musulunci zuwa tsayuwar sabo, kuma ka fi samun sama garau bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya sauko. Sa lens a 18mm, f/4, ISO 800, Long sakan 30, hutun sakan ɗaya tsakani, N 120. Awa ɗaya ke nan da ɗoriya. A gida ka zuba su a manhajar StarStaX, kyauta ce, ta haɗe su hoto ɗaya. Wannan ya fi buɗe shota awa guda a Bulb, domin a zafin ƙasarmu sensa takan cika hoton da jajayen ɗigo, kuma mai babur ɗaya ya hasko ka shi ke nan, alhali a jere hoto ɗaya za ka cire. Tafi da batir cikakke, ka riƙa leƙa gaban lens da ɗan haske daga gefe saboda raɓa.

In kuwa taurarin kake so su fito ɗigo-ɗigo ba sawu, raba 500 da tsawon lens. A kyamara mai ƙaramar sensa ninka tsawon da 1.5 tukuna: 18mm ya zama 27, amsa kusan sakan 18.

Shawara ta gefe: mutum da sitan a bayan gari da tsakar dare abin tambaya ne a wannan zamani. Sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri tun da rana, ka tafi da abokin tafiya, ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro.

Bidiyon gudun gajimare ko cikar kasuwa ma da wannan taimar ake yi. Sakan ɗaya na bidiyo hoto 25 yake ci, sakan 10 hoto 250, idan tazarar sakan 5 ce za ka zauna kusan minti 21.

Walƙiya ba ta buƙatar taima. Sa f/8, ISO 100, sakan 15, ka mayar da kyamara kan ɗauka a jere, ka kulle maɓallin rimot, ta yi ta ɗauka har a dace. Wasu Nikon suna tsayawa a hoto 100, sai ka saki ka sake kullewa. Daga cikin gini ake yi, ta taga, hadarin yana nesa. Tsakanin walƙiya da ƙarar aradu, kowane sakan uku kilomita ɗaya ne. Tsayuwa a fili kusa da sitan ƙarfe ganganci ne, tsawon kebul ba zai cece ka ba.

Marasa kebul

Mafi araha su ne masu hasken infrared irin na talabijin, kamar Canon RC-6 da Nikon ML-L3. Ba su wuce kimanin mita biyar, dole su fuskanci idon da ke jikin kyamara, kuma rana mai ƙarfi tana raunana su. Sai ka shiga inda ake zaɓar salon ɗauka ka zaɓi alamar rimot, in ba haka ba ka yi ta dannawa a banza. A Nikon ƙara lokacin Remote on duration, don kada kyamara ta gaji da jira ta fita. Don hoton iyali ranar Sallah da kake so kai ma ka fito, zaɓi jinkirin sakan biyu, ka danna ka ɓoye rimot ɗin a hannun riga.

Masu Bluetooth, irin Canon BR-E1, Nikon ML-L7 da Sony RMT-P1BT, sau ɗaya ake haɗa su a menu, kuma ba sai sun fuskanci kyamara ba. Masu rediyo sun fi kowa nisa, suna aiki ta bayan bango ko labule. Mai situdiyon da yake da Yongnuo RF-603 na tayar da filasha ya riga ya mallaki ɗaya, gajeren kebul kawai zai jona daga shi zuwa ramin rimot. Su ne na ɗaukar tsuntsu a sheƙa kana ɓoye nesa. Sun kuma dace da hoton yara: yaron da yake tsoron baƙin abu a fuskar baƙo yakan saki jiki idan ka tsuguna a gefen kyamara kana yi masa wasa, rimot yana tafin hannunka.

Manhajojin waya, Camera Connect na Canon da SnapBridge na Nikon, suna nuna maka abin da kyamara take gani, abin da ke da daɗi idan ka rataye ta sama tana kallon atamfa ko abinci a tebur. Amma akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, suna shan batir, suna kuma yankewa. Ba zan dogara da su a aikin da ba a maimaitawa ba.

Idan ya ƙi

Ka danna shiru: duba AF tukuna, shi ne mai laifi mafi yawan lokuta. Kyamara tana ɗauka da kanta, ko menu da maɓallin duba hotuna sun daina amsawa: ko kebul bai gama shiga ba, ko makullin rimot yana ture. Taima tana ƙirgawa amma duk hotunan gajeru ne: kyamarar ba ta Bulb. Yana yi yana ƙi idan ka motsa kebul: wayar ta karye a wuyan baki, inda ake yawan lanƙwasa ta, sai sabo. Don haka ta kai ake zare shi, ba ta igiya ba, kuma kada a bar rimot yana reto da nauyinsa a jikin ramin, a maƙale shi a ƙafar sitan da roba. Taimomi masu araha da yawa ba su da maɓallin kashewa, cire batiran idan za ka ajiye.

Ranar da ka manta rimot a gida, sa taimar jikin kyamara a sakan biyu, ko goma idan lens ɗin dogo ne, ka danna ka janye hannu. Wannan ya isa ga gini, dutse da kayan talla, sai dai ba zai kama maka daidai lokacin da doki ya ɗaga ƙafa ba, kuma ba zai riƙe maka Bulb ba. Mai ɗauka da wayar hannu kuwa, jingine ta ko ka ɗaura ta a sitan, ka jona abin sauraro mai igiya: a iPhone da Android da yawa, maɓallin ƙara sauti da ke jikin igiyar yana ɗaukar hoto.